Kilisar Babur: Shawara ga Samarin Sarkin Yamma

Da wuya ka sami mai babur a Sarkin Yamma ko Safo ko Jiratawa da zai nuna maka malamin da ya zaunar da shi ya koya masa tuƙi. Yawanci yaya ne ko aboki ya kai mutum bayan gari da la'asar, ya ce masa ga kuloci, ga giya, ga totur, ya riƙe masa baya, ya yi taku kaɗan ya saki. In bai faɗi ba, karatu ya ƙare. Washegari an aike shi niƙa, wata bai zagayo ba ya fara goyo zuwa Maraɗi, kafin shekara ana ce masa gwani.

Abin da shekarun hawa suke ba mutum shi ne sanin hanya. Ya san inda rami yake, ya san inda yashi ya taru, ya san kwanar da amalanke ke fitowa ba sallama. Wannan ilimi ne mai amfani, ba na raina shi. Sai dai akwai daƙiƙar da yaro zai faɗo titi da gudu, ko akuya ta ratso daga cikin kara, kuma a wannan daƙiƙar babu lokacin tunani. Hannu da ƙafa abin da suka saba kaɗai suke yi. Wanda bai taɓa gwada tsayawar gaggawa da gangan ba, ranar da ta zo masa ita ce ranar gwajinsa na farko, alhali yana ɗauke da matar wani da ɗanta a goye.

A shekarar 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ya fitar da sakamakon binciken haɗurran babur 900 da shi da mutanensa suka bi ɗaya bayan ɗaya a birnin Los Anjeles. Ya samu kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya rutsa da su, su suka koya wa kansu tuƙi, ko dangi da abokai suka koya musu. Ya samu kuma, daga lokacin da haɗari ya bayyana zuwa karo, abin da mahayi ke da shi bai cika daƙiƙa 2 ba, kuma yawancinsu birkin baya suke dannawa har taya ta ja, su bar na gaba kusan ba aiki. Ƙasar ta yi mana nisa, shekarun ma sun ja, amma duk wanda ya zauna a tashar ƴan kabu-kabu ya san wannan bayanin ya dace da mu.

A ƙasashen da suke da filayen tseren babura, kamar Kyalami da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, akan ware ranakun da talaka mai babur zai biya kuɗi ya shiga fili, ba don gasa ba, don ya gyara tuƙinsa. Ana duba baburinsa a ƙofa. Ana raba mutane kashi uku, sababbin shiga da matsakaita da ƙwararru, kowane kashi ya yi kamar minti 20 ya fito ya huta. Kowa gefe ɗaya yake bi, babu mai tahowa daga gaba, babu dabba, babu mai tafiya a ƙasa. Akwai masu tuta a gefe, akwai malami da ke bin mutum a baya ya ga kuskurensa. Mutum zai sha kwana ɗaya sau da yawa a yini guda, har jikinsa ya gane ta. In ka cire kwaltar mai tsada da manyan babura, ribar wannan rana abu uku ce: wuri mai aminci, maimaici, da idon wani a kanka. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin samarin gari guda.

Kakanninmu da suka yi mu'amala da dawaki sun san wannan. Mai doki ba ya jira sai ranar hawan salla ya gane halin dokinsa. Da yamma yake fita kilisa, ya sake masa linzami ya ja, ya juya shi dama ya juya shi hagu, har su fahimci juna. Abin da nake kira gare shi ke nan, samari su tsayar da ranar kilisar babur, ko sau ɗaya a wata.

A fara da neman fili. Fako ake so, ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, mai girman filin ƙwallo ko kusa da haka. Gonar da aka girbe ba ta yi ba, don tushiyar gero tana huda taya, tana kuma huda mutum in ya faɗa mata. A bi filin da ƙafa tukuna, a tsince duwatsu da ƙaya da fasassun kwalabe, a cike ramuka. Ya kasance nesa da rijiya da burtali da hanyar ƴan makaranta. Alamomi ba sa buƙatar kuɗi: tsofaffin tayu daga wurin mai faci, gorunan roba da aka zuba wa yashi kaɗan, da toka ta ja layi. Kada a sa dutse ko bulo ko turke a matsayin alama, domin duk abin da aka ajiye a fili, wani zai taka shi kafin a tashi. Lokaci mafi kyau daga kaka ne zuwa ƙarshen sanyi, da sassafe, kafin rana ta ɗaga. A kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, don ba wanda zai bar neman abincinsa ya zo.

Kafin a tara ko babur biyar wuri ɗaya, a je a gaida mai gari a faɗa masa, a sanar da ofishin magajin gari da jandarmomi. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Ƙasar Madarunfa tana bakin iyaka, kuma mutanen ƙauyukanmu sun ga abin da ƴan bindiga masu zuwa a kan babura suka yi. Ƙarar babura da yawa a bayan gari tana iya tayar da hankalin mata da tsofaffi, tana iya jawo wa samari tuhumar da ba su ji ba ba su gani ba. In hukuma ta sani, dattawa sun sani, an huta. In an ce a dakata saboda halin tsaro, a dakata. Ya kamata kuma a samu dattijo guda cikin tsofaffin ƴan kabu-kabu, wanda ake jin nauyinsa, ya zama uban fili. In ya ɗaga jan ƙyalle, kowa ya tsaya inda yake. Dokokinsa kaɗan ne: gefe ɗaya ake zagayawa, babur biyu ko uku kawai a ciki lokaci guda, ba wuce juna, ƴan kallo da yara suna bayan layin toka, kuma wanda ya sha tiramol ko wani abin da ke gusar da hankali ba ya hawa.

Sai babur kansa. Ko Kasea ne, ko Haojue, ko Boxer, a kira makaniki ya zauna a bakin fili ya duba kowanne. Iskar taya ita ce ta farko, kuma a auna ta da ma'auni, a daina matsawa da yatsa. Adadin da kamfani ya tsayar yana rubuce a jikin yawancin babura, kusa da sarƙa ko a littafin da aka sayo su da shi, kuma na mai goyo ya fi na mai tafiya shi kaɗai. Tayar da zanenta ya shafe ba ta shiga. Sarƙa ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, kada ta yi tsauri, kada ta yi lako-lako. A girgiza kan babur a ji ko yana ƙwanƙwasa. Sannan birkin gaba. Na san babura da yawa a yankin nan wayar birkin gabansu ta tsinke tun bara, mai shi bai damu ba don dama ba ya taɓa shi. Irin wannan a gyara shi a wurin, ko ya koma gida.

Batun hular kwano ba na sassauci a kansa. Na san zafi, na san tsada, na san ana yi wa mai sa ta ba'a a wasu tashoshin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki 6, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Sa ta daidai yana nufin a ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa, yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Hular leburan gini ba hular babur ba ce. In guda uku kawai ake da su a gari, a riƙa karɓa-karɓa, tunda dama mutum uku ne a fili. Takalmi rufaffe, dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, safar hannu ko ta aikin gona ce. Silifa da babbar riga su jira a gefe.

Darasin farko birki ne, kuma in shi kaɗai aka yi a ranar farko, ranar ba ta tafi a banza ba. Akwai maganar da ta zauna a zukatan mahayanmu cewa birkin gaba kayar da mutum yake. Abin da ke kayarwa shi ne cafkarsa farat ɗaya, ko kama shi alhali kan babur yana karkace. In ka fara rage gudu, nauyinka da na babur gaba suke tafiya su danne tayar gaba, ita kuwa ta baya ta yi sauƙi. Tayar da aka danne ita ke da riƙon ƙasa. Shi ya sa a kan busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da ƙafarsa kaɗai ya zubar da mafi yawan birkinsa, kuma tayar baya tana saurin ja ta yi gefe.

Ga yadda za a gwada. A ja layin toka, a ba shi fili mai tsawo a gaba. Ka taho a miƙe da giya ta biyu, gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba. Da ka iso layi, ka saki totur gaba ɗaya, ka ɗora yatsunka a birkin gaba ka fara matsawa a hankali har ka ji gaban babur ya ɗan nutse, sannan ka ƙara matsawa da ƙarfi, ƙafarka kuma tana taka na baya da sauƙi. Ka kama kuloci kafin ka tsaya, ka sauke ƙafar hagu. Gwiwoyinka su matse tanki don kada nauyinka ya zube a hannu, idonka yana kallon gaba can, kada ka kalli taya. Abokinka ya ajiye gora a inda ka tsaya. Ka koma ka sake, ka yi ta sakewa, kana neman ka tsaya kafin gorar. Ka yi da birkin baya kaɗai a sa alama, ka yi da biyun a sa alama, sai ka je ka auna tazarar da ƙafarka. Ba wa'azin da zai gamsar da mai gardama kamar wannan awon.

Fako ba kwalta ba ne, tayar gaba za ta fi saurin ja a kansa. Wannan ma darasi ne mai tsada da za ka samu da arha. In ka ji ta fara ja, ko kan babur ya yi sauƙi a hannunka, saki birkin nan take ka sake kamawa a hankali. Gara ka san wannan jin a gudun kilomita 20 a fili da ka fara saninsa a hanyar Ɗan Isa tirela tana bayanka. Sai hannu ya faɗa sannan a ƙara gudu zuwa 30, daga baya 40, kuma a nan za ka ga abin da lissafi ya tabbatar: in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Ka haɗa da wannan: mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin yatsansa ya kai ga birki. Wanda ya auna wannan da ƙafarsa zai daina manne wa bayan mota. In an sami wani fili mai kwalta da aka rufe a Maraɗi, da izinin masu shi, yana da kyau a maimaita a can. A kan babban titi kuwa ba a gwaji.

Darasi na biyu ido ne. Babur inda ka kalla yake zuwa. Wanda ya ƙura wa rami ido yana tsoronsa, cikin ramin zai faɗa, kuma da yawa cikin waɗanda suka daki bishiya ko jaki da akwai wurin wucewa a gefe, ba su kalle shi ba ne. A ajiye taya biyu, tsakaninsu taku goma, a riƙa zagaya su ana zana lamba 8. Kana zagaya ta farko, kanka gaba ɗaya ya juya yana kallon ta biyu, haɓarka ta nufi kafaɗa. Da farko za ka ji kamar za ka faɗi, don ka saba kallon ƙasa gaban taya. Ka daure. Za ka ga da'irar tana ƙanƙancewa da kanta. In ta yi kyau, a matso da tayun kusa.

Daga nan a zana kwana da goruna, mai faɗi, a shiga ta daga miƙaƙƙiyar hanya. Tsarin shan kwana ba ya canzawa, ko a Kyalami ko a hanyar Gabi: ka gama rage gudu da sauke giya tun kana miƙe, ka juya kai ka nemi mafita, ka kwantar da babur, sannan ka buɗe totur kaɗan-kaɗan ba tare da yankewa ba har ka fita. Totur mai ɗorewa yana daidaita babur a kan tayunsa biyu. Saki da murɗawa a tsakiyar kwana shi ke sa shi tangaɗi. A makarantar koyon tuƙin babur da Keith Code ya kafa a Kalifoniya a 1980, darasin farko shi ne a zagaya fili da giya ɗaya ba tare da taɓa birki ba sai dole ta kama, don mutum ya koyi auna gudunsa tun daga nesa. Wannan muna iya yin sa da giya ta biyu, kuma yana saurin tona asirin mai shiga kwana da gaggawa.

Akwai wani abu da kowane mahayi yake yi bai san yana yi ba. In gudu ya wuce kamar kilomita 20, babur ba ya juyawa don ka murɗa kansa zuwa inda kake so. In za ka dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, sai babur ya kwanta dama ya bi. In za ka hagu, hannun hagu. Ka gwada a miƙe a wuri mai tauri, tura kaɗan, ka ji yadda yake amsawa nan da nan. Amfanin sanin wannan shi ne kaucewa. A jera goruna a layi, taku takwas tsakaninsu, a riƙa saƙa su. Sannan a ajiye buhun da aka cika da ƙaiƙayi a tsakiyar hanya, mutum ya taho ya kauce masa ya dawo layinsa. Sharaɗi ɗaya: birki daban, kaucewa daban. Ko ka rage gudu sannan ka kauce, ko ka kauce ka miƙe sannan ka kama birki. Haɗa su lokaci ɗaya yana neman abin da taya ba za ta iya bayarwa ba.

Abin da kuke gani a waya, ƴan tsere suna kwanciya gwiwa tana gogar ƙasa, ku bar musu. Tayunsu na musamman ne, kwaltarsu a share take, kuma faɗin titin duka nasu ne. A burji da tsakuwa ma akasin haka ake yi: babur ake kwantarwa kaɗan, jiki ya tsaya a miƙe a kansa, ƙafar waje tana danna matakinta. A hanya kuma rabinka kaɗai ne naka. Yanke kwanar hagu ta hannun masu tahowa ya kashe samari masu yawa.

Tafiya a hankali ita ma gwaninta ce, kuma ita ake buƙata a cikin kasuwa da lungu. A ja layi biyu na toka, tsakaninsu taku ɗaya, tsawon taku ashirin. Wanda ya fi daɗewa a ciki bai sauke ƙafa ba, shi ya iya. Sirrin shi ne kuloci rabi, totur kaɗan a tsaye, ƙafa tana jan birkin baya. A nan birkin gaba ba shi da aiki.

Sai yashi, wanda shi ne jarrabawarmu ta kullum tsakanin ƙauyuka da bakin Gulbin Maraɗi. Ƙasar nan ta ga gwanayen yashi na duniya. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978 ya ƙare a Janairu 1979, ya ratsa Nijar ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500. Abin da irin waɗannan mahaya suke yi a rairayi bai bambanta da abin da ƙaramin baburinka yake so ba. Tayar gaba ce take nutsewa, don haka a rage mata nauyi. Ka ja zamanka baya kaɗan, ka matse tanki da gwiwa, ka sassauta riƙon hannu. Kan babur zai yi ta rawa, ka bar shi ya yi, in ka yi kokawa da shi ne yake kayar da kai. Ka shiga da giyar da ta dace tun kafin yashin, yawanci ta biyu, ka riƙe totur a tsaye ko kana ɗan ƙarawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsorata ya saki totur farat ɗaya. Nauyi sai ya koma gaba, taya ta nutse, kai ya murɗe. In kana son tsayawa, rage totur a hankali ya isa, yashin da kansa zai tsayar da kai. Idonka can ƙarshen yashin, kada ka bi sawun da ke gabanka da kallo.

A nemi ɗan wuri mai yashi kusa da filin, gajere, a fara da shi. Jan ƙafa a ƙasa yana taimako in ana tafiya kamar ta mai tafiya a ƙasa, amma da gudu ya ɗan ƙaru ƙafa ta koma kan mataki, don idon sawu yana karyewa in ya maƙale tsakanin ƙasa da kaya. Wasu suna rage iskar taya in za su yi doguwar tafiya a rairayi. Yana aiki, sai dai kaɗan ake ragewa, don tayar mai tib tana iya tsinke bawul, kuma dole a mayar da iskar kafin a hau kwalta. In yashi ya yi zurfi kuma kana da goyo, ka roƙi fasinja ya sauka ya taka. Ba wanda ya taɓa raina mahayi don wannan.

Da yake yawancin masu karanta wannan da goyo da kaya suke cin abinci, kada a tashi ba a maimaita birki da kwana da nauyi ba. A fara da buhun gero, a ɗaure shi tamau, a matso da shi kusa da bayan mahayi, don kayan da ya zarce bayan taya yana ɗaga gaba ya hana kai riƙon ƙasa. Za ka ga tazarar tsayawa ta ƙaru, ka ga birkin baya ya fi kamawa fiye da dā, ka ga kwana tana neman a fara ta da wuri. Bayan buhu sai aboki mai hular kwano. A nan ne za ka koyi abin da za ka riƙa faɗa wa fasinja kafin ku tashi: ya matso, ya ɗora ƙafa a mataki, kada ya sauke ta ko an tsaya, kada ya karkata waje in babur ya kwanta. In mace ce ko dattijo, ka ce, Inna, tattara zanen nan da mayafin, Baba, naɗe rigar nan, kuma ka duba da idonka kafin ka sa giya. Bakin zane ko hijabi da ya shiga sarƙa ko waya yana fizgo mutum ƙasa kafin kowa ya ankara.

Wanda ke hawa ba ya ganin kansa, shi ya sa kowa ya kamata ya sami mai lura da shi. Mai lura abu ɗaya zai kalla a kowane zagaye: yanzu kai, ina yake kallo? Yanzu hannu, a sandare yake ko a sake? In an fito ya faɗi gyara ɗaya tak, da ladabi, ba a gaban taro ba in mutumin ya girme shi. Wayar hannu tana da amfani ƙwarai a nan. A ɗauki bidiyon mutum daga gefe yana birki, daga gaba yana shan kwana, a nuna masa. Wanda ya rantse yana juya kai zai ga kansa yana kallon taya, kuma ba sai an yi musu ba. Minti 15 zuwa 20 ya isa, a fito a sha ruwa a zauna a inuwa. Da ka ga kana maimaita kuskuren da ka riga ka gyara da safe, gajiya ce, ka ajiye na yau.

Abin da nake jin tsoro a kan wannan shawara shi ne ta rikiɗe ta koma gasa. Samari ne, jini yana tafasa, ƴan kallo suna tafi, sai wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya ce sai ya fi shi. Mun ga ƙarshen irin wannan a rakiyar amare, inda gidan biki ke komawa gidan makoki kafin magariba. Uban fili ya tsaya da ƙafarsa a kan wannan: ba agogo, ba caca, ba wasan ganganci, wanda ya yi a sallame shi a ranar. In ana son a yaba wa wani, a yaba wa wanda ya fi gajarta tazarar birkinsa, ko wanda ya fi daɗewa a layin toka. Sababbin koyo da matan da ke hawa ƙananan babura a ba su nasu lokacin daban, ba tare da idon taro a kansu ba.

Duk da haka za a faɗi, don haka a shirya. A tanadi ruwa mai tsabta da sabulu da bandeji, a san motar da za a kira, a san hanyar asibitin da ya fi kusa. In mutum ya faɗi bai tashi ba, a kashe babur a janye shi, kada a ɗaga mutumin ta hannu da ƙafa, kada a fizge masa hula matuƙar yana numfashi daidai, a riƙe kansa da wuyansa a miƙe, kada a ɗura masa ruwa. Jini a danne shi da tsabtataccen ƙyalle. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana dariya, in ya yi amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ya manta abin da ya faru, a wuce da shi Madarunfa ko Maraɗi ba tare da jira ba. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce kafin a yi maganar maɗori. Ƙunar salansa kuwa, a zuba mata ruwa mai sanyi har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a shafa mata baƙin mai ko man goge haƙori ko toka.